Mutum Ɗaya, Shekarun Haihuwa Uku: Yadda Fanshon Wani Tsohon Soja Ma'aikacin Lantarki Ya Tsaya a Birnin Kebbi

Wanda lamarin ya shafa

Kawuna ne, wan mahaifiyata. Sunansa ba zai fito a nan ba, Kawu zan ci gaba da ce masa kamar yadda bakina ya saba. Ya yi soja shekara 9, ya yi shekara 25 yana hawan falwaya a NEPA, ya rasu a Birnin Kebbi a daminar 2023, Allah Ya kai haske kabarinsa. Daga Oktoba 2020 zuwa Fabrairu 2022 fanshonsa ya tsaya cak, wata 17. Ni da babban ɗansa muka yi ta safa da marwa a kan maganar, kuma duk inda muka je sai na rubuta ranar da abin da muka kashe a bayan wani littafin makaranta. Daga nan na tsamo abin da ke biye.

An haife shi a wani ƙauye tsakanin Jega da Aliero, babu wanda ya rubuta ranar. Abin da kakarmu takan faɗa shi ne, shekarar da aka naɗa Haruna Rashid Sarkin Gwandu bayan Sarki Yahaya, Kawu yana gudu da ƙafarsa amma bai isa shiga makarantar allo ba. An yi naɗin a 1954. In aka bi wannan lissafi, haihuwarsa ta faɗa wajen 1951. A riƙe wannan shekarar, za a sake cin karo da ita.

1968 zuwa 1977: soja

Yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli 1967. Rundunar da ba ta wuce mutum dubu 10 da wani abu ba kafin yaƙin, ta kai wajen dubu 250 kafin a ƙare shi, don haka masu ɗaukar kurata ba takardar haihuwa suke nema ba, tsayi da ƙirji suke aunawa. A 1968 Kawu yana da wajen shekara 17. Da aka tambaye shi sai ya ce 20, akawu ya rubuta 1948. Aka tambayi sunansa ya faɗa, aka tambayi garinsu ya faɗa, akawun ya haɗa biyun suka zama sunansa na soja. Wannan ba baƙon abu ba ne a Arewa, da haka muka san Aminu Kano da Shehu Shagari.

Bayan horon 'yan makonni a Difo na Zariya aka ba shi lamba mai farawa da 63NA, aka tura shi Runduna ta Ɗaya, wadda ta kama Umuahia a Afrilun 1969. Cikin masu jan wayar tarho ya faɗa: a ɗauki naɗin waya a kafaɗa, a bi daji, a hau bishiya a ɗaura, in ta tsinke da dare a bi ta da lalube har a samo inda ta tsinke. A nan ya koyi hawa, a nan ya koyi haɗa waya da hannu ba tare da ya duba ba.

Yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970. Ya ci gaba da zaman bariki har 1977, lokacin da gwamnati ke rage yawan sojoji, aka sallame shi yana kofur. Shekarunsa ba su kai na fansho ba, garatuti aka ba shi da ɗan littafin sallama mai hotonsa. Bai cika zancen yaƙin ba. In yara suka matsa masa yakan ce waya ya ja, bai ga komai ba, ya kama wata hira. Amma kowace ranar 15 ga Janairu sai ya goge takalminsa ya tafi filin tunawa da 'yan mazan jiya.

1978 zuwa 2003: kan falwaya

A 1972 aka haɗe hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun ruwan Neja aka kafa NEPA. Wutar wannan yanki daga madatsar Kainji take tasowa, wadda aka gama a 1968, ta biyo babban layi mai bolt dubu 330 zuwa Birnin Kebbi, daga nan ta rabu a layuka masu dubu 132, ɗaya ya nufi Sakkwato, ɗaya ya tsallaka Yamai. Kawu ba na waɗannan manyan turakun ƙarfen ba ne. Shi na ƙananan layuka ne, masu dubu 33 da dubu 11 da ke zuwa garuruwa, da mai 415 da ke shiga unguwanni.

A Sakkwato aka ɗauke shi a 1978. Wani da ya riga shi shiga ya raɗa masa cewa in ya ce shekararsa 30, kamar yadda littafin soja ya nuna, za a ce ya tsufa da hawan tsani. Sai ya ce 25, aka rubuta 1953. Wannan karon sunan mahaifinsa ya bayar maimakon sunan gari, don a ganinsa ya dawo gida, ba ya bukatar a san daga ina ya fito. Ranar ya zama mutum biyu a takarda, kuma shekara 41 suka wuce babu wanda ya ce masa kanzil.

Aikin ƙarfi ne. A haƙa rami da diga, mutum takwas ko goma su tayar da falwaya da igiya, a hau a ɗaura kofunan tangaran, a ja waya a ɗame. Damina ita ce kakarsu: iska ta kwana tana kayar da turaku a hanyar Kalgo ko Bunza ko Kamba, gari na wayewa su hau bayan mota da tsani. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991 aka shiga gina ofisoshi da gidajen ma'aikata, aiki ya ninka. Yakan yi dariya ya ce in an kawo wuta yara su yi ihun "Nepa!" ba wanda ke tuna su, in an ɗauke kuwa har uwar ɗan Nepa sai ta sha zagi.

Yana da wata ɗabi'a da ya taso da ita daga soja. Kullum akwai ƙaramin littafi a aljihunsa, yana rubuta rana da wurin aiki da waɗanda suka hau tare, duk da ajami. In ya cika ya ɗaure da zare ya sa a jakar fatar da yake rataye allonsa. Mu dai tsufa muka ɗauke shi.

A daminar 2002, a wata unguwa cikin Birnin Kebbi, ya hau gyaran layin 415. An zare fis a taransifoma, an gwada, babu wuta. Abin da bai yi ba shi ne ɗaure layin da wayar da ke sauke wuta ƙasa, don aikin na minti biyar ne a ganinsa. Yana sama wani gida aka tayar da janareta, kuma gidan ba shi da makunnin da ke raba wutar janareta da ta Nepa. Irin wannan wutar baya take komawa, ta fita ta wayar gidan ta hau layin titi, in ma fis na nan a taransifoma sai ta haura ta zama dubu 11 a ɗaya ɓangaren. Ta kama shi a hannun dama daidai lokacin da ya kwance bel zai gyara tsayuwa. Ya faɗo daga wajen mita 7. A asibiti aka yanke yatsu biyu, sauran ukun fatarsu ta ƙone ta warke sumul kamar leda. Karayar cinya kuma Aliero aka kai shi wurin maɗora, ya tashi da ɗingishi. A 2003 ya yi ritaya, aka fara biyansa fansho da sunan NEPA da shekarar NEPA.

A wannan shekarar aka yi rajistar katin ɗan ƙasa. Littafin soja ne kaɗai takardarsa mai hoto da ke kusa, da shi ya je, katin ya fito da sunan gari da 1948. Da katin ya buɗe asusun banki, da shi aka yi masa BVN, wato lambar tantance mai asusun banki, bayan an ƙaddamar da ita a 2014. Kuɗi dai suna shiga, don lambar asusu ake bi. A gefe guda NEPA ta zama PHCN a 2005, aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa ranar 1 ga Nuwamba 2013, tsofaffin 'yan fansho kuma aka mayar da su wani hannu.

2019 zuwa Oktoba 2020: yadda ta faro

A 2019 aka kira tsofaffin 'yan fansho tantancewa don a tsame sunayen matattu da na bogi. Ɗansa ya raka shi Sakkwato, tafiyar wajen kilomita 150. Abu uku suka hana a kammala tasa. Sunan da ke rajistar fansho bai zo daidai da na BVN ba, shekarun haihuwa sun bambanta da shekara 5, na'ura kuma ta ƙi ɗaukar yatsun hannunsa na dama. Takardar ɗaukarsa aiki da suka nuna, gara ta cinye saman shafin inda lambar ma'aikaci take. Aka ba shi 'yar takarda aka ce ya gyara ya dawo.

Bai koma ba. Ƙarshen wata ya ji alat kamar kullum, wata na biye ma haka, sai ya ce ai magana ta wuce. Mu ma ba mu matsa ba. 2020 ta zo da kullen korona da hana tafiya tsakanin jihohi, sannan ambaliyar da ta cinye shinkafar fadamun Kebbi a Agusta da Satumba. A cikin ruwan nan bangon ɗakinsa na ƙasa ya zube kan adakar takardu, abin da gara ta rage ya zama kunu. Littafin soja ya tsira don a aljihun rigarsa ta taron sojoji yake, jakar fata ta tsira don a rataye take.

Ƙarshen Oktoba 2020 alat bai shigo ba. Fanshon naira dubu 30 da 'yan kai ne, da shi ake cefanen gidan mutum 9.

Nuwamba 2020 zuwa Fabrairu 2021: rantsuwar kotu

Abin da ya fara zuwa mana shi ne takardar rantsuwa. Ɗansa, mutum mai tsoron Allah, ya ce tunda rantsuwa ce gaskiya za a faɗa. Muka zauna da tsofaffin gida muka yi lissafin kakarmu, muka je kotu Kawu ya rantse a kan 1951. A Disamba gwamnati ta ce a haɗa layukan waya da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ofisoshin rajista suka cika maƙil. Mun yi asubanci sau huɗu da tsoho mai ɗingishi kafin a yi masa, kuma da takardar rantsuwar muka je, don haka NIN ɗinsa ta fito da 1951.

Muka haɗa komai muka aika. Amsar da ta zo a Fabrairu gajeriya ce: bayanai sun saɓa wa juna. Da shekara biyu muke fama, 1948 da 1953, yanzu sun zama uku, kuma mu muka ƙara ta ukun da hannunmu. Abin da muka kashe: wajen naira dubu 11.

Maris zuwa Mayu 2021: mai hanya

Wani maƙwabci ya haɗa mu da wani mutum da aka ce yana da hanya a Abuja. Ya zo da jaka da katin wuya, ya duba takardun sama-sama, ya ce ƙaramin abu ne, mako uku. Ya karɓi dubu 40, rabi bashi muka ci. Azumi ya kama a tsakiyar Afrilu, gidan na shan ruwa da kunu da abin da maƙwabta suka miƙo. Mutumin yakan ɗaga waya ya ce fayil na kan teburin oga. Bayan Sallah layinsa ya daina shiga.

Daga baya muka gane ko da gaske yake babu abin da zai iya, don ba sa hannun wani ake jira ba. Kwamfuta ce ke gwada suna da suna, shekara da shekara, kuma ba ta san mai hanya ba.

Yuli 2021: tafiya Abuja

Kawu ya ce a kai shi su gan shi da idonsu. Muka bi Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Tegina, Minna. Lokacin ba a daɗe da kwashe ɗaliban Islamiyya a Tegina da na makarantar gwamnatin tarayya a Birnin Yawuri ba, direba bai yarda ya yi dare a hanya ba, sai da muka kwana Kontagora. Kawu ya sa hularsa ta tsofaffin sojoji, ya riƙe littafin sallama a hannu, yana ganin babu takardar da ta fi ta ƙarfi.

An karɓe mu da mutunci, har kujera aka ba shi. Matar da ta duba mu ta yi mana bayanin da ya kamata mu nema tun farko: littafin soja shaida ne cewa akwai wani kofur mai sunan gari da aka haifa a 1948, amma fanshon na wani ma'aikacin lantarki ne mai sunan uba da aka haifa a 1953, kuma babu wata takarda a hannunmu da ta ce mutum ɗaya ne. Kawu ya ɗaga hannun damansa ya ce, "Ɗiyata, wanga hannu bai isa shaida ba?" Ta ce, "Baba, ni na yarda da kai. Lambar ma'aikaci nake so da takardun ɗaukar aiki da na ritaya." Muka dawo hannu rabbana. Mota da kwana da abinci: dubu 58.

Agusta 2021 zuwa Janairu 2022: abin da ya yi aiki

Wani tsohon abokin hawansa ya zo duba shi, ya ji labari, ya ce me ya hana mu zuwa wurin sakataren ƙungiyar 'yan fanshon lantarki. Tsohon akawu ne, ya yi shekaru yana riƙe fayilolin ma'aikata. Bai karɓi ko kwabo ba. Tambayarsa ta farko ita ce lambar ma'aikaci, kuma Kawu ya manta ta. Sai matarsa ta ce a duba jakar allo.

Littattafai 14 muka zazzage a tabarma. Ni ajamina bai da ƙarfi, limamin unguwa muka kira. A bangon ciki na littafin farko, ƙarƙashin bisimilla, Kawu ya rubuta ranar da ya kama aiki da lambarsa. Liman ya ci gaba da karantawa ba don bukata ba: ranar kaza mun tayar da turaku 6 a hanyar Kamba, ranar kaza wane ya faɗo bai ji ciwo ba, ranar kaza an haifa mini ɗa ina kan layin Argungu. Kawu na jingine yana gyara masa karatu, yana faɗin wanda ya mutu da wanda ke raye cikin sunayen. Ranar muka ji labarin aikinsa fiye da duk abin da muka ji a shekara 40, har aka kira magariba.

Da lambar, sakataren ya rubuta wasiƙa da hatimin ƙungiya, ɗan Kawu ya tafi Kaduna inda tsofaffin fayiloli suke jibge a wani sito. Kwana uku suna ɗaga ƙura shi da mai kula da wurin kafin su same shi. Akwai takardar ɗauka, akwai ta ritaya, akwai rahoton haɗarin 2002. Sannan akwai fom ɗin da Kawu ya dangwala wa hannu a 1978, wanda a layin "aikin da ka taɓa yi" akawu ya rubuta soja, ya kwafe lambar 63NA ɗin nan cif. Lambar da ke littafin sallama ce. Takardar da matar Abuja ta ce babu, ashe tana kwance shekara 43.

Sakataren ya ce fayil ɗin aiki ne uwa, shi ba a taɓa shi, sauran takardu su za su biyo shi. Wato a mayar da BVN da NIN su koma sunan uba da 1953. Ya kuma ja mana kunne cewa banki sau ɗaya yake yarda a canza ranar haihuwa a BVN, kada mu kuskura mu je sai komai ya kammala.

A nan aka cije. Gyaran na bukatar sabuwar rantsuwa, Kawu kuma ya ce atafau. "Na yi ƙarya ina yaro don in shiga soja, na yi wata don in samu aiki. Yanzu da ƙafa guda a kabari za ku sa in ɗauki Alƙur'ani in ce 1953 aka haife ni? Ku bar kuɗin." Mako uku ana lallashi, har matarsa ta daina yi masa magana. Sakataren ne ya warware. Ya zo da kansa ya ce, "Malam, ba wanda zai sa ka rantse a kan ranar da kai ma ba ka gani ba." Ya tsara kalmomin haka: cewa shi ne mai sunaye biyun nan, cewa ba a rubuta haihuwarsa ba lokacin da aka haife shi, cewa shekarar da ke fayil ɗin aikinsa ita ce 1953, kuma yana roƙon duk takardunsa su bi ta. Aka karanta wa liman, ya ce babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Kawu ya sa aka maimaita masa sau biyu, sannan ya ce a kawo takalminsa.

Sauran aikin jeri ne. Rantsuwa a babbar kotu a Oktoba, sanarwar suna a jarida, takardar shaidar haihuwa daga hukumar ƙidaya, wadda ake ba waɗanda aka haifa kafin 1992, gyaran NIN, sannan banki daga ƙarshe. Likita ya rubuta takarda a kan yatsun, rahoton haɗarin da ke fayil ya mara mata baya. Ƙungiya ta nema masa tantancewar marasa lafiya, a Janairu 2022 jami'ai biyu suka zo har zaure suka ɗauki hotonsa da yatsun hannun hagu. Duk wannan zangon, har da tafiyar Kaduna, dubu 47 ya ci.

Maris 2022 zuwa daminar 2023: sakamako

Alat ya shigo ƙarshen Maris 2022, saura kwanaki a kama azumi. Ariyas, wato kuɗin baya na wata 17, ya biyo baya kashi biyu, na ƙarshe a farkon 2023. Ya fara da mai shagon da ya yi shekara yana ba gidan gero bashi, ya biya waɗanda muka ranta wa mai hanya, ya tayar da bangon da ya zube da bulo. Jimillar abin da muka kashe dubu 156, kusan fanshon wata biyar, kuma dubu 109 daga ciki sun tafi ne a kan yunƙuri ukun da ba su dawo da fanshon ba.

Abin da bai dawo ba shi ne jikinsa. A watannin da babu kuɗi ya daina sayen maganin hawan jini bai gaya wa kowa ba, tafiyar Abuja kuma ta tayar masa da tsohuwar karaya, bai sake zuwa masallaci ba tare da sanda ba. A farkon Agusta 2023 ya ji a rediyo an yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ya tambaya ko layin Yamai ne, aka ce shi ne, ya yi shiru. Bai kai ƙarshen watan ba. Da aka zo cike takardar shaidar mutuwa, ɗansa ya kalle ni, na ce ya rubuta 1953.

Abin da nake gani

Laifin farko namu ne. An ba mu takardar gargaɗi a 2019 lokacin kuɗi na shiga, takardu ba su jiƙe ba, Kawu na da sauran ƙarfi, muka ajiye ta shekara guda. Da a lokacin muka nemi fayil, da wata biyu sun isa.

Rantsuwar farko ta faɗi ne don mun ɗauka ana tambayarmu yaushe aka haifi Kawu, alhali tambayar ita ce ko mai asusun nan shi ne mai fayil ɗin nan. 1951 ta fi sauran biyun kusa da gaskiya, kuma ita ta fi yi mana ɓarna. Mai hanya ya ci kuɗinmu don mun zaci mutum ne ya tare ƙofa. Tafiyar Abuja ba ta zama asara gaba ɗaya ba, tunda a can aka faɗa mana abin da ake nema, amma sakataren da ke unguwa ta biyu da mu ya san wannan, kuma ba mu san da shi ba sai bayan wata 10.

Ban ga laifin tantancewar ba, sunayen bogi gaskiya ne. Sai dai tsarar Kawu kusan duk haka takardunsu suke: akawu ne ya raɗa musu suna, shi ya yanka musu shekara, yawanci ma 1 ga Janairu. Masu aikin hannu irinsa, yatsun da ake so na'ura ta karanta aikin ne ya cinye su. Shi ya dace da littafin aljihu, da akawun 1978 da bai yi ƙyuyar kwafe lamba ba. A cikin sunayen da liman ya karanto ranar nan, akwai biyu da sakataren ya ce nasu fanshon ma ya tsaya a wata ɗaya da na Kawu. Ɗaya ya rasu kafin a samo fayil ɗinsa, ɗayan yana Bunza, ɗan Kawu ya karɓi lambarsa zai duba masa in ya sake shiga Kaduna.